Kira ga Ƙaramar Hukumar Gabasawa: A Kafa Asusun Gyaran Kayan Al'umma Tun Suna da Lafiya

Zuwa ga mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Gabasawa da majalisar kansilolinsa a Zakirai, da mai girma Hakimi da dagatai da masu unguwanninsa, da shugabannin RUWASA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta Jihar Kano, da Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi.



Ina roƙon aron kunnenku a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Buƙatata ɗaya ce. A yi ƙa'ida a wannan ƙaramar hukuma cewa duk wani abu da jama'ar unguwa ko ƙauye suke amfani da shi tare ya kasance yana da asusun gyara nasa na kansa, wanda za a riƙa zuba wa kuɗi tun abin yana aiki lafiya lau, kuma ƙaramar hukuma ta riƙa sa nata kason a cikin kasafin kowace shekara.

Ranku ya daɗe, a birnin Kano akwai rukunin gidaje irin su Kundila da Kwankwasiyya da Amana, inda ba baƙon abu ba ne mazauna wuri su haɗa ƙungiya, su yanka wa kowane gida abin da zai riƙa bayarwa don masu gadi da shara da gyaran ƙofar shiga. Mu a nan ba mu da irin wannan tsari a rubuce, amma halin da muke ciki ɗaya ne da nasu. Kowa da gidansa da gonarsa, sai dai rijiyar burtsatse ɗaya ce, tankin ɗaya ne, magudanar da ke ratsa ƙofar gidaje ɗaya ce. Haka kwalbatin da ke kan hanyar kasuwa, da katangar maƙabarta, da rufin ajin da 'ya'yanmu suke zama a ƙarƙashinsa, da bayan gidan masallacin Juma'a. Ƙasarmu kuwa a cike take. Ƙidayar 2006 ta ba Gabasawa mutum sama da 200,000, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun lokacin. Wanda ya bi hanya daga Gezawa zuwa Zakirai zai ga gona na bin gona, gida na kallon gida, ba wani daji a tsakani. Inda jama'a suka yi yawa haka, famfo ɗaya yana yin aikin famfo uku, kuma yana tsufa da wuri.

Ga yadda muke yi a yanzu, kuma kun san shi kamar yadda na san shi. Ranar da ruwa ya ƙi zuwa, sai a kwana biyu ana cewa ƙila rana ce ba ta yi ƙarfi ba, ko iska ce ta shiga bututu. Daga nan a kira mai gyara, ya zo ya duba, ya ce sumo, wato injin da ke turo ruwa daga rami, ya ƙone. Mai unguwa ya tara dattawa bayan Isha'i, a yanka wa kowane magidanci abin da zai kawo. A samo littafin rubutu na 'yan makaranta, a tsaga layi biyu, suna a hagu, kuɗi a dama, a ba samari biyu su bi gida-gida. Wani ya bayar nan take. Wani ya ce a dawo ranar kasuwa. Wani matarsa ta aiko yaro ya ce maigidan yana ci-rani, sai ya bugo waya. Wani kuma ya tsaya a zaure ya ce shi ba zai ƙara ba da ko sisi ba sai an gaya masa inda na bara ya tafi. Kafin kuɗin su haɗu wata ya shuɗe, farashin da mai gyara ya faɗa ya canza, a sake komawa karo-karo zagaye na biyu. Idan Allah ya sa unguwar tana da ɗa mai hali a birni, a tashi wakilai a je a yi masa kuka. Idan babu, a jira lokacin zaɓe.

Mutanenmu ba marowata ba ne, kuma ba sa ƙin aikin gayya. Lokacin da ake zuwa musu ne bai dace ba. Famfo ya fi lalacewa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwan ƙasa ya ja baya, rijiyoyin gida suka ƙafe, mutum da dabba kowa ya dawo kansa. A daidai wannan lokacin ne magidanci yake lissafin kuɗin taki da na huɗa, majiya ƙarfi kuma rabinsu ba sa gari. Katanga da kwalbati da rufi su kuma sai cikin marka, a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, ana auna abin da za a ci da kwano. Kuɗi a hannun manomi da kaka suke, daga Oktoba zuwa Disamba, in an cire gyaɗa, an roro wake, an yanke dawa. A wannan lokacin kuwa ruwa na zuba, katanga na tsaye, ba wanda ke zuwa neman komai. Wato muna neman kuɗi a watan da babu, muna yin shiru a watan da akwai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a kan kayan jama'a kullum ranar tafiyar muke neman wuƙa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙanƙantar abin da yakan kashe famfo. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake buɗe tuƙa-tuƙa ya ga yadda abin yake. A kwance kan famfon, maza huɗu ko biyar su riƙa jawo bututu sama, kowace gaɓa tsawon mita uku, a riƙe da maƙala, a warware, a shimfiɗe a ƙasa, a jawo na gaba. Hannu duk tsatsa, gumi na zuba. Sai an kai can ƙarshe a fito da silinda, a buɗe, a tarar 'yar roba ce ta cinye, wadda za a iya rufe ta a tafin hannu. Da an canza ta a kan lokaci, aikin yini ɗaya ne da kuɗi kaɗan. Amma da yake babu kuɗin ko wannan a ajiye, yara sukan ci gaba da tuƙawa da ƙarfi, ruwa na fitowa kaɗan-kaɗan, har sarƙa ta tsinke, ko sanda ta kwance ta faɗa rami. Daga nan gyaran ya fi ƙarfin unguwa. Irin famfon nan da ake kira Afridev an ƙera shi ne musamman don mutanen ƙauye su iya canza robarsa ba tare da an fito da bututu ba, sai dai ko shi ɗin ma sai da robar a hannu da wanda aka koya wa aikin.

Duk kwanan da famfo ya yi a mace akwai mai biyan kuɗinsa. 'Yan mata da yara ne suke tafiya unguwa ta gaba da jarka maimakon makaranta. Mai ɗan hali ya sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, wanda a wata ɗaya yakan kashe abin da ya ninka kason da aka nema a wurinsa na gyara. Marar hali ya koma tsohuwar rijiya marar murfi ko kududdufi. A shekarar 2021 alƙaluman hukumar NCDC sun nuna mutum sama da 100,000 ne aka yi zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba na so mu jira irin wannan shekara ta dawo kafin mu ɗauki gyaran famfo a matsayin maganar lafiya.

Ba a yi mana rowar sabon aiki ba, wannan dole a faɗa. Tun zamanin hukumomi irin su KNARDA a shekarun 1980, da DFRRI da aka kafa a 1986, da PTF a shekarun 1990, har zuwa ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa da na ƙungiyoyin agaji a yau, an haƙa burtsatse ba iyaka a karkarar Kano. A watan Nuwamba na 2018 ma Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta. Amma kusan duk tsarin da ya zo, kuɗinsa na haƙawa ne da ƙaddamarwa. Ana yanka kintinkiri, a ɗauki hoto, a kafa kwamiti a gurguje, a ce an damƙa wa al'umma. Shi ya sa a ƙauyuka da dama za ka ga sabon tanki a tsaye, ga gawar tsohon famfo a gefensa, ga wata gawar can gaba, kowace da allon sunan wanda ya kawo ta. Kuɗin haƙa ɗaya daga cikinsu ya isa ya raya da yawa daga waɗanda suka mutu.

Tanadin hukuma ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. A da, baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, ba ya cinye duk abin da ya shigo a shekara, yana ware ajiya. Da ƙarfin wannan baitulmali ne En'e ta Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, ta ɗauki nauyin aikin ruwan famfo da lantarki na birni, aka jawo ruwa daga Challawa. Ba ina yabon yadda aka tara kuɗin ba ne, domin kakanninmu sun ji jiki da haraji. Ina nuna cewa hukumar gargajiya ta wancan zamani ta san a ajiye na gobe, kuma ta ga amfaninsa.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da abin koyi. Dokar ruwa da suka yi a 2010 ta ɗora alhakin famfunan karkara a kan ƙananan hukumomi, kuma a tsarin ƙananan tashoshin ruwa na ƙauyuka, irin waɗanda ake gani a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuɗin da ake sayar da ruwa ana raba shi ne kashi-kashi. Wani kaso na mai gudanarwa ne da ɗawainiyar yau da kullum, wani kuma ana zuba shi a wani asusu daban da aka keɓe don sabunta inji da faɗaɗa bututu. Ba ko'ina abin yake tafiya yadda aka rubuta ba, amma tunanin daidai ne: duk bokitin da aka ɗiba yana rage wa injin kwana, don haka kowane bokiti ya bar wani abu na sayen sabo. Mutanen nan Hausawa ne manoman gero irinmu, ba su fi mu kuɗi ba.

Har ƙasashen da suka yi nisa ma sai da suka sha wuya suka gane. A garin Surfside na Jihar Florida a Amurka, wani bene mai hawa 12 ya rufta ranar 24 ga Yuni 2021, mutum 98 suka rasu. Gidajen da ke cikin benen na mutane daban-daban ne, suna da ƙungiya mai kula da ginin. Tun 2018 injiniya ya rubuta musu cewa akwai babbar ɓaraka a ginin. Abin da ke asusunsu bai kai ko kusa da kuɗin aikin ba, aka shafe shekaru ana kai-kawo a kan wa zai biya nawa, sai a 2021 aka amince da karo-karon kusan dala miliyan 15, ba a kai ga kammala gyaran ba ginin ya faɗo. A 2022 Jihar Florida ta yi doka cewa irin waɗannan gine-gine masu hawa uku zuwa sama dole a riƙa yi musu lissafin kuɗin gyara duk shekara goma, kuma masu gidajen ba su da ikon kaɗa ƙuri'a su dakatar da tara kuɗin gyaran ƙashin ginin. Wannan sashe na ƙarshe shi ne ya ja hankalina. Sun fahimci cewa in aka bar wa jama'a zaɓi kowace shekara, kullum za a sami dalilin ɗagawa zuwa baɗi.

To, yaya za a san abin da ya kamata a tara? Lissafin ba ya buƙatar akanta. A zauna da mai gyara da injiniyan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a rubuta kowane ɓangare na abin da ake da shi, da kuɗin sabonsa a yau, da shekarun da yakan yi kafin ya gaji. Sai a raba kuɗin da shekarun. Bari in ba da misali da alƙaluman da na ƙaddara don bayani kawai, ainihin farashi sai an je kasuwa. A ce sumo naira 600,000 ne kuma yana shekara shida, kason shekara ya zama 100,000. A ce tanki 400,000 ne yana shekara goma, 40,000 ke nan. A ƙara 60,000 na kawunan famfo da waya da bututu da ladan mai gyara. Jimla 200,000 a shekara. In gidaje 200 ne suke sha, kowane gida naira 1,000 ta hau kansa, abin da bai wuce kuɗin kwano ɗaya ko biyu na gero ba. Waɗannan gidaje 200 ɗin, in aka jira sumo ya ƙone, kowanne 3,000 za a nema a wurinsa a lokaci guda, cikin bazara, kuma rabi ba za su iya ba. Haka za a yi wa katangar maƙabarta da rufin makaranta da kwalbati, kowanne da shekarunsa. Duk shekara da kaka a sake duba lissafin a daidaita shi da farashin lokacin.

Ina roƙon ƙa'idar ta raba kuɗi gida biyu rabuwa ta gaskiya. Akwai na ɗawainiyar yau da kullum: ladan mai gadi, man shafawa, kan famfon da ya karye. Wannan yana iya zama a hannun ma'aji. Na ajiya kuwa matsayinsa matsayin iri ne a gidan manomi, wanda ko yunwa ta yi tsanani ba a daka shi, domin wanda ya ci irinsa ya ci damanarsa. Ba a ranta wa kowa shi, ko ɗan sarki ne. Ba a taɓa shi don tarbar baƙo, ko gudummawar biki, ko ta'aziyya, duk da cewa waɗannan abubuwa ne masu kyau. Na san ƙungiyoyi fiye da ɗaya da asusunsu ya ƙare ta hanyar rancen mutunci, ba wanda ya yi niyyar cin amana, sai dai kunya ta hana a ce a'a, kuma kunya ta hana a bi bashi.

Saboda haka kuɗin ajiya su zauna a banki da sunan kwamitin da jama'a za su zaɓa, da sa hannun mutum uku, ba a fitar da su sai aƙalla biyu sun sa hannu bayan zaman da aka rubuta. Abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ya isa ya nuna haɗarin tara kuɗin jama'a a akwatin ma'aji. Masu gudun riba suna da mafita, domin bankin Jaiz yana aiki a Kano tun 2012, kuma an sami wasu bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa bayansa. Abin lura kawai shi ne a zaɓi banki mai lasisi wanda hukumar NDIC take ba ajiyarsa kariya. A nan ne muke buƙatar hannun ƙaramar hukuma, don buɗe asusun ƙungiya yana neman takardar rajista da wasiƙar gabatarwa, kuma talaka yakan gaji da zirga-zirga tun kafin ya gama. In sashen ci gaban al'umma ya fitar da fom ɗaya mai sauƙi, da Hausa, aka yi rajistar kyauta, an cire babban tarnaƙi.

Akwai wani ƙorafi da za a yi, kuma mai yin sa yana da gaskiya: kuɗin da aka ajiye narkewa suke yi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da faɗuwar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma kayan famfo da na sola galibi daga waje ake shigo da su. Abin da zai sayi sumo bana ba lallai ya saye shi baɗi ba. Amsar ita ce kada a bar duka a matsayin kuɗi. Da zarar an tara abin da zai isa, a sayi kayan da aka san za a buƙata, roba da sarƙa da bututu da ma sumo ɗin kansa, a rubuta, a ajiye. Zai fi kyau in ƙaramar hukuma da RUWASA suka buɗe ɗakin ajiyar kayan gyara guda ɗaya a Zakirai, suna saye da yawa a farashin sari, kwamitoci suna karɓa a kan kuɗin da aka sayo. Wanda ya fi son ba da hatsi da kaka a karɓa, a zuba a buhu, a sayar in farashi ya ɗaga. Amma a yi hattara, hatsi yana da ƙwari kuma farashinsa ma yakan faɗi, don haka kada ya wuce wata huɗu ko biyar a ajiye.

Ranku ya daɗe, abin da zai raya wannan tsari ko ya kashe shi shi ne amana. Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, mutanen Kano ba sa son jin duk abin da ya yi kama da a bi su gida a karɓa da ƙarfin hukuma, kuma ina tare da su a kan haka. Kada kuɗin nan su shiga asusun ƙaramar hukuma. Kada a turo masu karɓar kuɗin shiga su tara. Jama'ar da suke shan ruwan su za su zaɓi mutanensu, su yanka abin da za su iya, su yafe wa gwauraye da tsofaffi da gidajen marayu. Mai unguwa da liman su zama iyaye masu sa ido, kada a ɗora musu riƙon kuɗi, don mutuncinsu ya fi ƙarfin a tsaya ana tambayarsu rasit. Sau biyu a shekara, bayan sallar Juma'a ko a ƙofar gidan dagaci, a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, a manna takardar banki inda kowa zai gani. Mutumin nan da yake tsayawa a zaure yana tambayar kuɗin bara, in ya ji lissafi sau biyu, shi zai riga kowa kawowa.

A sa mata a cikin kwamitin, ta hanyar da ta dace da al'adarmu, ko da ta wakilcin dattijuwa ko malamar Islamiyya ne. Su ne suka fi kowa sanin ranar da ruwa ya fara raguwa, kuma masu riƙe adashi shekara da shekaru ba a koya musu riƙon kuɗin jama'a. Haka kuma wanda yake neman kuɗi da ruwan, kamar mai buga bulo, da mai wankin babur, da ɗan ga-ruwa, da mai shayar da garke, bai kamata kasonsa ya zama ɗaya da na gidan da ke ɗiban jarka huɗu ba. A zauna da su a daidaita cikin mutunci.

Yanzu ga abin da ya hau kan ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata kula da maƙabartu da kasuwanni da magudanan ruwa da tituna da bayan gida na jama'a, ya kuma sa ta cikin masu ɗaukar nauyin makarantun firamare da kiwon lafiya. Don haka asusun da nake roƙo taimako ne jama'a za su yi wa hukuma a kan aikinta, kuma bai kamata ya zama ƙofar da za ta zare hannunta ba. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, lokaci ya yi da za a buɗe layi guda a kasafi mai suna gyaran kayan al'umma, dabam da na sababbin ayyuka. Shawarata ita ce duk unguwar da ta tara naira ɗaya kuma ta karanta lissafinta a bainar jama'a, ƙaramar hukuma ta ɗora mata naira ɗaya, har zuwa iyakar da majalisa za ta ƙayyade. Tsarin haɗa hannu irin wannan an gwada shi a shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa a jihohi da dama har da Katsina, inda al'umma take kawo kashi goma cikin ɗari na kuɗin aiki. Manyan ayyuka, irin su ramin burtsatse da ya rufta ko gadar da ruwa ya cinye, waɗannan na hukuma ne ɗungurungum. Taransifoma ma kada a shigar da ita, domin hukumar NERC ta sha nanata cewa gyaranta haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne.

Sai masu kawo mana sabon aiki, ɗan majalisa ne, ko ƙungiya, ko attajiri mai neman lada. Muna godiya, Allah ya saka. Roƙon shi ne kada a ƙaddamar da aiki sai an damƙa wa kwamiti takarda mai ɗauke da zurfin ramin, da irin injin da ƙarfinsa, da inda ake samun kayansa, da wa'adin da ɗan kwangila zai gyara in ya lalace. Sau da yawa mai gyara yakan ɓata kwana yana lalube saboda ba wanda ya san abin da ke cikin ramin. Kuma a nemi mai aikin ya zuba wani ɗan kaso na kuɗin a asusun gyara tun ranar farko. Malamanmu za su iya taimakawa da bayanin hubusi: wanda ya haƙa rijiya don Allah, in ya haɗa mata da shago ɗaya ko 'yar gona da amfaninta zai riƙa gyara ta, ya tabbatar sadakarsa ta ci gaba da gudana bayan ransa. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi da za ta iya rubuta irin wannan wasiyya yadda magada ba za su yi jayayya ba.

Abu ɗaya nake tsoro, kuma gara in faɗe shi a fili. Kada kwamitocin nan su zama na jam'iyya. In aka ce duk sabon shugaba zai rushe su ya naɗa nasa, to ranar da aka rantsar da shi rabin unguwa za su daina biya. Shi ya sa nake roƙon a yi abin a matsayin dokar majalisar ƙaramar hukuma, a rubuta wa'adin 'yan kwamiti da yadda jama'a za su canza su, kuma wa'adin kada ya zo daidai da na zaɓe.

Ba na neman a fara ko'ina lokaci guda. A soma da ƙidayar abin da muke da shi: sashen ayyuka ya zagaya da masu unguwanni, a rubuta kowane famfo, mai aiki da matacce, da abin da ya kashe shi. Daga nan a zaɓi unguwa ɗaya a Zakirai, da ƙauye ɗaya-ɗaya a mazaɓu irin su Garun Danga da Joda da Mekiya da Yumbu da Zugachi, inda jama'a da kansu suka nuna suna so. A yi musu lissafi, a buɗe musu asusu, a koya wa matasa biyu-biyu ƙananan gyare-gyare. Ina roƙon a kira zaman farko kafin a fara cire gyaɗa, don karɓar farko ta faɗo cikin kaka, kuma kason ƙaramar hukuma ya samu shiga kasafin shekara mai zuwa tun ana rubuta shi.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku, ya ƙara wa mai girma Hakimi lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Daga ɗanku, mazaunin Zakirai.